Ƙidayar Shiru

Hayaƙin kwal ya kwanta a kan Ulanbator
kamar bargon da ba a taɓa wankewa ba.
A tantinmu na gashin tumaki, can a gefen tudu,
murhu na ci, mu huɗu mun kewaye shi,
Sondor a tsakiya, shekararta uku da wata biyar.

Minsharinta ya fi ƙarfin jikinta.
Sai ka ce tsohuwar bas ɗin da nake tuƙawa
ce ke hawan tudu da asuba, cike da mutane.
Kakarta Dulamsuren dariya take yi:
"Gado ne, ba haye ba.
Kakanta in ya ja nasa, har dawaki firgita suke.
Yaro mai minshari, barci ne ya yi masa daɗi."

Ni ba ƙarar ke hana ni runtsawa ba,
abin da ke biyo bayanta ne.
Sai ta yanke, ɗif.
Ƙirji na hawa yana sauka, iska ba ta shiga,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ta ciki.
Ɗaya. Biyu. Uku.
A bakwai nakan ɗaga kai daga matashi.
A goma sha ɗaya ƙafata tana ƙasa.
Sai ta fizgo numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa,
ta juya, ta bankare wuya, baki buɗe,
gumi a goshi, alhali ruwan bokiti ya daskare.

Da rana ba ita ba ce.
Malamarsu ta ce ta ciji wani yaro a kan cokali,
ta yi gyangyaɗi a kan kwanon shayi.
Takalmin bara har yanzu yana shigarta.
Narmandakh ta shanya shimfiɗa yau ma,
ta ƙame a igiya kamar katako,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Sau biyu mun je asibiti.
Da rana Sondor lafiya lau, har da tsalle a benci.
Wa zai yarda da ciwon da sai dare yake fitowa?
Daren Laraba na kunna waya, na ajiye kusa da bakinta,
na kama daren, na sa shi a aljihu.

Likita ta kara a kunne, ta daina rubutu.
Ba minsharin ta saurara ba.
Na ga leɓenta na motsi. Ita ma ƙirga take.
Ta haska fitila a maƙogwaro:
nama biyu sun kumbura, sun kusa gaisawa,
wani kuma ya tsiro a bayan hanci, inda ido ba ya kai.
"Hanyar ta yi mata kaɗan," in ji ta.
"Hayaƙin ma ba ya taimaka."
Aka rubuta mu a layi, sai ƙanƙara ta fara narkewa.

An yi aikin ranar da kogin Tuul ya fashe.
Kwana shida tana kuka, ba ta cin komai sai mai sanyi.

Dare na bakwai na farka a gigice.
Babu ƙara. Ko kaɗan.
Na ƙirga har ashirin, zuciyata a baki,
na rarrafa, na kai bayan hannuna ƙarƙashin hancinta.
Ɗumi. Ya tafi. Ɗumi ya dawo.
Baki rufe, hannu ɗaya a cikin gashin uwarta.

Daga can ƙuryar tanti tsohuwa ta yi magana,
ashe ita ma idonta biyu:
"Tana yi?"
Na ce tana yi.
Ta daɗe ba ta tanka ba, sannan ta ce,
"Kakan nan nata, a barci ya tafi."

Na ƙara kwal guda a murhu.
Saura awa biyu in fita da bas.